Fahmul maƙru'i: me za mu kira shi da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Yarona na aji 4 a nan Jidda ya kawo sakamako: karatun bayyane ya ci, fahmul maƙru'i (sunan Larabci na gane abin da aka karanta) ya faɗi. Hajiyarmu ta ce in fassara mata. Na ce bai iya karatu ba. Ta ce, "Kai, yaron da ke karanto min takardar asibiti ba gargada?" Gaskiyarta. Kalmar karatu ta yi mana faɗi: biya allo karatu ne, hadda karatu ce, zuwa jami'a ma karatu ne.

Rabi na farko, wato karatun bayyane, ban sha wuya ba, muna da jan baƙi. A majalisin tafsiri alaramma ya ja baƙi, malam ya warware ma'ana. Yaron nan alaramma ne da bai samu malaminsa ba. Sunan rabi na biyu nake nema.

Da na tambayi mutane, wani malami daga Kano ya ce auna fahimta, haka suke kiransa a darasin Hausa. Allah ya gafarta Malam, wannan sunan awon ne. Ana ba yaro labari da tambayoyi a ƙasa, kamar jarrabawar karatu ta ƙasa da ƙasa mai suna PIRLS da ake yi wa 'yan aji 4 duk shekara biyar tun 2001, wadda Saudiyya ta shiga a 2011. To abin da ake aunawar fa? Mudu daban, hatsi daban.

Fahimtar karatu ta fi kowacce samun goyon baya, amma ban gamsu ba. In aka ce yaro yana fahimtar karatu, kowa zai ɗauka yana gane darasin malami ne, ko da lissafi ne.

Wata yayarmu daga Gadarif ta Sudan ta kawo tadabburi, wato zurfafa tunani a kan ma'ana. Kalma ce mai kyau, Yaya, sai dai ta Alƙur'ani ce, ta yi wa labarin kura da akuya nauyi.

Ni na tsaya a kan fahimtar matani. Masu karatun zaure sun san matani da sharhi, kuma kalmar ta ɗaure fahimtar ga rubutun da ke gaban yaro: ya faɗi abin da aka ce, ya gano abin da ba a faɗa ɓaro-ɓaro ba. Jarrabawar ta ci gaba da zama auna fahimta.

Hajiya kuwa, da na maimaita mata, cewa ta yi, "Wato yana ja, ba ya ganewa."