Me za mu kira "inclusive agribusiness" da Hausa?

1/ Wannan kalma ta hana ni sakat tun da aka ba ni fassarar wani shirin rediyo kan manoman da rikici ya raba da gonakinsu. Kasuwancin noma dai ba gardama. Gardamar tana kan rabin farko, wato a shigar da ƙaramin manomi da mata da 'yan gudun hijira cikin cinikin da ribarsa.

2/ Na fara rubuta "noman haɗin gwiwa", na goge. Kamfani biyu ma na iya haɗa gwiwa su bar talaka a waje.

3/ Na kai wa kawuna maganar yana gyaran garma. Ya ce, "Ɗana, ai gayya kake nufi." Na ce, "Kawu, a gayya tuwo ake ci a watse, amfanin gona na mai gona ne." Ya yi shiru, sannan ya ce da gaskiyata.

4/ Wani ya kawo "noman kwangila". Wannan ya dace da irin shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015: a ba ka iri da taki, ka biya da shinkafa. Amma wa ke yanke farashi? Kalmar ba ta faɗa ba.

5/ Abin da ya sa na nace shi ne yankin Diffa na Jamhuriyar Nijar. Tattasan bakin kogin Komadugu shi ne arzikin yankin. A 2015 hukuma ta hana cinikinsa da kamun kifi a Tafkin Chadi don toshe wa Boko Haram hanyar kuɗi. Mai shanya tattasai a tabarma ta wayi gari da buhuna ba mai saye. Yau idan an ce za a farfaɗo da kasuwar, dole sunan abin ya nuna ko tana ciki, ko kuwa dillali da mai mota kaɗai za su ci.

6/ Nan na tuna abin da muke faɗa kullum: a dama da kowa. Daga fura maganar ta fito, kuma wanda aka dama da shi, da shi ake sha. Ga hannu a aiki, ga baki a ƙwarya.

7/ Don haka na tsaya kan "kasuwancin noma mai damawa da kowa". Ya ɗan yi tsawo a bakin mai karanta labarai, shi ya sa a karo na biyu nake cewa "noman a-dama-da-kowa". Na gwada shi ga wata baiwar Allah da ta baro Baga, tana noman gonar aro a gefen Maiduguri. Ban yi mata bayani ba, sai ta ce, "Malam, har da mu da ba mu da takardar gona?"