Shayin 'ya'yan itace na Koriya: wanne kuka gwada?

Ɗaliba a Daejeon:
Assalamu alaikum. Sanyin Janairu ya kwantar da ni da mura, sai uwar ɗakina ta kawo mini kwalbar yuja-cha. Yuja wani lemo ne mai kaurin ɓawo, an yayyanka shi siriri-siriri an jiƙa a zuma. Cokali biyu a ruwan zafi, a sha, a tauna ɓawon. Kafin safe maƙogwarona ya saki. Ko ganyen shayi ɗaya babu a ciki, amma shayi suke ce masa. 'Yan'uwa mazauna nan, wanne kuka gwada?

Ma'aikaci a Ansan:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Ni omija ne ya shiga raina. Ƙwaya ce ja, sunanta na nufin ɗanɗano biyar: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri da yaji. A Mungyeong na sayo busasshe, lokacin girbi a watan Satumba. Da na ga launinsa sai na tafasa shi kamar zoɓo, ya fito da ɗaci da bauri, bai shawu ba. Wata tsohuwa a kasuwa ce ta gyara mini: ruwan sanyi ake zubawa, ya kwana a jiƙe, da safe a tace a sa zuma. Ruwan ja ne garau, kana hango ƙasan kofi. Da bazara, in na taso daga masana'anta jiƙe da gumi, shi nake fara nema.

Mai karatun haɗa magunguna a Daegu:
Yaya, wannan tsohuwar al'ada ce. Omija na cikin Dongui Bogam, littafin magunguna da likitan fada Heo Jun ya rubuta, aka buga a 1613. Don tari da ƙishirwa ake ba da shi. Har yau a kasuwar Yangnyeongsi ta nan garin ana sayar da shi tare da jinsen, wata saiwar magani. Amma tari in ya wuce mako biyu, a tafi asibiti.

Uwar yara a Seoul:
Nawa daechu-cha ne. Daechu dangin magarya ne, sai dai ya fi girma. A wani gidan shayi a Insadong na sha, mai kauri kamar kunu, ƙamshinsa ya tuna mini gida har na yi ƙwalla. Abu ɗaya, 'yata: ki riƙa duba kwalba. In kin ga omija-ju ko maesil-ju, giya ce, kada ki ɗauka.