Kalkulas: idan fankshan biyu suka haɗu, wace ƙa'ida kuke fara jawowa?

Ɗan Agege:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina shekarar farko a jami'a a nan Akoka, mun shiga kalkulas. In aka ba ni x³ shi kaɗai, ko sin x, aka ce in nemo diribatif, wato saurin canjin fankshan ɗin, babu matsala, 3x² ne da cos x. Amma da zarar an haɗa biyu, wannan ya ninka wancan ko wani ya shige cikin wani, sai kai ya ɗau zafi. Ƙa'idojin na haddace su tas, ta ninkawa da ta rabawa da ta sarƙa (ta fankshan a cikin fankshan). Sanin wadda za a fara da ita ne ya gagara. Waɗanda suka wuce nan, yaya kuka yi?

Malamin Lesin, Idi-Araba:
Wa alaikumus salam. Ina koyar da yara masu shirin WAEC da yamma, kuma duk shekara a wannan wurin suke cijewa. Abin da nake sa su yi kafin su taɓa biro: a ce an ba ka x = 2, ka ɗauki kalkuleta za ka lissafa fankshan ɗin, wane aiki ne na ƙarshe da za ka danna? Shi ne zai gaya maka ƙa'idar. Ɗauki x² sin 3x. Za ka nemo x², ka nemo sin 3x, sannan ka ninka su. Ninkawa ce ta ƙarshe, to da ita za a buɗe: 2x sin 3x, a tara da x² sau abin da sin 3x ya bayar. A nan ne sarƙa za ta shigo, ta ba ka 3 cos 3x. Amsa: 2x sin 3x + 3x² cos 3x. In kuwa (3x + 1)⁴ ce, aikin ƙarshe ɗagawa ne zuwa 4, don haka sarƙa ce tun daga farko.

Kuskuren da ya fi yawa a littattafansu shi ne su yi wa kowane ɓangare nasa sannan su ninka. Ba na yi musu faɗa, x² sau x³ kawai nake rubutawa a allo. Kowa ya san x⁵ ne, amsa 5x⁴. Hanyarsu kuwa 2x sau 3x² take bayarwa, wato 6x³. Sai aji ya yi tsit. Shi kansa Leibniz, Bajamushen da muke amfani da alamarsa ta dy/dx, a rubuce-rubucensa na 1675 sai da ya tsaya ya tambayi kansa ko haka abin yake, ya gwada ya ga ba haka ba ne. A 1684 ya buga ƙa'idar daidai.

'Yar Mile 12:
Malam ya gama magana. Ni dai a rumfar babana ƙa'idar ninkawa ta zauna mini, don ni nake riƙe masa littafi ranar Asabar. Ciniki ai farashi ne sau yawan kwando. A ce yau an sayar da kwandon tumatir 40, kowanne a kan naira 20,000, ciniki 800,000 ke nan. Farashi yana hawa da 500 kullum, amma masu saye suna ja baya, kwando 2 na raguwa kullum. Hawan farashin ya kawo 40 sau 500, wato 20,000. Raguwar kwanduna ta cinye 2 sau 20,000, wato 40,000. A haɗa, ciniki yana sauka da 20,000 a rana. Ga ƙa'idar ninkawa, u'v + uv', a fili: u farashi, v yawan kwando, u' da v' kuma saurin canjinsu. Da na lissafa washegari kai tsaye, 38 sau 20,500, sai na samu 779,000, saukar 21,000. Wannan dubu ɗayan da ta yi saura ita ce 500 sau 2, canjin nan sau canjin can, kuma ita ce take ɓacewa idan aka matse tazarar lokacin ta koma kusan sifili. Baba da na nuna masa cewa ya yi shi ya san da haka tun ban zo duniya ba.

Injiniya na Ojo:
Ƙanina, ka koyi duba amsarka da kanka. Tun ina makaranta nake yi, yawanci a cikin danfo in gosulo ya riƙe mu. Ka ce ka samu 12(3x + 1)³ daga (3x + 1)⁴. Sa x = 0, ka samu 12. Yanzu koma ainihin fankshan ɗin: a 0 yana ba da 1, a 0.001 yana ba da 1.003⁴, wajen 1.01205. Bambancin 0.01205 ne, raba shi da 0.001, ka ga 12.05. Ya yi. Wanda ya manta 3 ɗin da ke ciki zai samu 4, nan take zai san akwai gyara. Amma in akwai sin ko cos, ka tabbata kalkuleta tana kan radiyan. In tana kan digiri lambobin ba za su taɓa haɗuwa ba, ka yi ta soke amsa mai kyau a banza.

Ƙa'idar rabawa kuwa ni na daina amfani da ita. Ina mai da na ƙasa ya zama mai −1 a ka, in yi ninkawa da sarƙa.

Malamin Lesin, Idi-Araba:
Injiniya, a nan kam ban bi ka ba. Kai hannunka ya faɗa. Ɗalibi sabon shiga in ya bi ta can sai ya tsinci kansa da alamomin ragi biyu ko uku da zai tattara, a nan maki yake zubewa. Gara ya riƙe (vu' − uv')/v², inda u ne na sama, v na ƙasa, ya kiyaye cewa na ƙasa ne yake fara zuwa, tunda ragi ba ya yarda a juya shi. Inda na yarda da kai shi ne a duba ko abin zai sauƙaƙa tukuna. (x² + 1)/x ai x + 1/x ne, layi ɗaya ka samu 1 − 1/x².

Maman Biyu, Obalende:
Na koma karatu bayan aure, ajin ƙarshen mako nake zuwa a Yaba. Tambayar da ta fi kayar da 'yan ajinmu ita ce wadda ba a ba da fankshan ɗin sam, sai lambobi: f(2) = 3, f'(2) = 5, g(2) = 4, g'(2) = −1. Ta ninkawa 5 sau 4, a tara da 3 sau −1, 17 ke nan. Ta rabawa 23/16. Tarkon yana wurin f(g(x)). Mutane da yawa suka ɗauki f'(2) suka rubuta −5, alhali abin da ake nema f'(g(2)) ne, wato f'(4), sannan a ninka da −1. Ɗan Agege, in ka ga irin wannan tebur, fara rubuta ƙa'idar da haruffa zalla, sai ka gama ka zuba lambobi. Kuma ka duba layin x = 4, da wuya ka ga ba a ajiye shi a ƙasan teburin ba.