Zaman ɗakin kwanan ɗalibai a Katsina: shawarar waɗanda suka riga mu

Da tsofaffin ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa suka tattauna zaman ɗakin kwana, maganar ruwa ce ta fi ɗaukar lokaci. Sun ce ka tanadi jarka da bokiti, ka je famfo da zarar an idar da sallar asuba, kafin layi ya miƙe. Akwatinka kuwa, sa masa kwaɗo.

Sun nanata a bar tagogi buɗe daga Maris zuwa Mayu, domin a zafi da cunkoso sanƙarau ke yaɗuwa. Wannan ta fi damuna, don ana sakaci da ita ƙwarai. Da damina kada a raina gidan sauro. Risho a kunna shi waje. Abokin ɗaki kuma, ku daidaita kan shara da kawo baƙi tun makon farko.