Wuta ta bi wayar wani: dako za mu ce ko fito?

Jama'a, ina neman taimakonku kan wata kalma da ta hana ni sakat tun makon jiya. Ina fassara takardar harkar lantarki don shirin rediyo, sai na ci karo da "wheeling". Wanda ya bi Turancin ido rufe zai nufi wajen taya ko juyawa, alhali maganar ba ta da alaƙa da taya ko kaɗan.

Ga abin da ake nufi. Tun da aka sayar da kamfanonin PHCN a Nuwamba 2013, harkar wuta ta kasu uku: masu samarwa, masu rarrabawa guda 11 irin su KEDCO, sai TCN, kamfanin da ke kai wuta daga tashoshi zuwa masu rarrabawa, a tsakiya, wanda ya rage a hannun gwamnati. Manyan turakun ƙarfen nan da muke hangowa a daji, masu kilobolt 330 da 132, nasa ne. Mai tashar wuta, a Shiroro yake ko a Kainji, ba shi da hanyar kansa. A 2017 kuma NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar lantarki a Najeriya, ta fito da ƙa'idar da ta ba manyan masana'antu damar sayen wuta kai-tsaye daga tasha. Ke nan mai masana'anta a Challawa zai iya ƙulla ciniki da tashar Kainji, amma wayar da ke tsakaninsu ba ta ɗayansu ba ce. Wucewar wutar ta kan wayar wani, da kuɗin da ake biyan mai wayar, shi ne abin da muke nema wa suna.

Kafin a kai ga haka akwai takardu tuli. Tashar da ta wuce megawat 1 sai ta nemi lasisi. Injiniyoyi sai sun auna ko layin wurin zai iya ɗaukar ƙarin nauyi, in ba zai iya ba kuma wa zai biya kuɗin faɗaɗa shi. Sannan a sa hannu kan yarjejeniyar haɗa tasha da babban layi, a kuma sa hannu kan wata daban ta amfani da layin. A ta biyun nan kuɗin da muke magana a kansa yake. Abin da ke damuna shi ne mukan dunƙule su duka mu ce "izinin ba da wuta", mai sauraro ya kasa gane a ina aiki ya maƙale.

Shawara ta farko da na samu ita ce "hayar layi". Ban karɓa ba. Mai haya makulli ake miƙa masa, ɗakin ya zama nasa har wa'adi ya cika. Waya kuwa wutar tashoshi da yawa ce ke binta a lokaci guda.

Wani dattijo da nake girmamawa ya ce "fito". Allah ya ƙara wa Malam lafiya, kalmar ta yi daɗi a kunne, don mai kwalekwale ba shi da kayan, ƙetarar da su kawai yake yi a biya shi. Sai dai a bakin mutanen yau, da ka ce fito hankali ya tafi kan iyaka, wajen masu shigo da motoci da shinkafa ta bayan fage. Ba na son halastacciyar yarjejeniya ta ɗauki wannan ƙaurin. Wannan dalilin ne ma ya sa na guje wa "jona" a ɗaya takardar, na ce yarjejeniyar haɗa layi, saboda jona wuta a unguwa kowa ya san me ake nufi.

Ni dai zuciyata ta kwanta da "dako". Ku tsaya a Dawanau da hantsi ku ga: mai saye ya gama ciniki da mai sayarwa, yaro ya saɓa buhun masara a ka ya nufi bakin mota, a ƙirga masa kuɗinsa kan kowane buhu. Ba ya tambayar nawa aka saya, ribar ba tasa ba ce, kuma wanda ya biya shi zai ɗaukar wa. Masu tankar mai ma dako muke cewa suna yi.

Wani abokina injiniya ya ja da ni. Ya ce buhun da aka ɗora wa ɗan dako shi zai sauke, wuta kuwa da ta hau babban layi ta cakuɗe da ta Jebba da ta Egbin, ba mai iya nuna ta Kainji a Kano, kuma wani kaso yakan salwanta a hanya saboda zafin waya. Gaskiya ya faɗa. Amma mita ce ke shaida, ɗaya a mashiga ɗaya a mafita, kamar yadda kake zuba kuɗi a banki a Kano ka cira a Legas ba tare da ka nemi ainihin takardun da ka zuba ba. Salwantar kuwa, buhu ma yana tsiyaya. Don haka a shirin zan ce "dakon wuta" da "kuɗin dakon wuta".

Saura guda da ban yanke ba: "open access", wato dokar da ta hana mai waya nuna bambanci, ya buɗe wa wannan ya toshe wa wancan. Amurka ta kafa ta a 1996 ta hannun FERC, hukumarta mai sa ido kan harkar makamashi. Ni "burtali" ke ta zuwar mini, hanyar shanu da ke ratsa gonaki, wadda manomi ba shi da ikon nome ta. Ina tsoron dai yaran birni ba su san kalmar ba.

'Yan'uwa na Nijar, ku da wutar Najeriya ke isar muku Yamai ta layin Birnin Kebbi, me ma'aikatan NIGELEC, kamfaninku na wuta, ke cewa idan suna wannan magana da Hausa? Ranar Alhamis za mu naɗi shirin, ina son jin naku kafin nan.