Tambaya: tabarau na VR yana sa ni jiri, ga ciwon hanji bai lafa ba

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Likita ya tabbatar min ina da ciwon hanjin nan da ake kira IBS: murɗawar ciki, kumburi, yau gudawa gobe bayan gida ya ƙi fita, alhali gwaje-gwaje ba su nuna komai ba. Na rage wake, albasa, tafarnuwa da madara bisa tsarin abincin FODMAP (rage abincin da ke kumbura ciki) na Jami'ar Monash ta Ostareliya, ina kuma shan maganin murɗawar ciki mebeverine. Sauƙin kaɗan ne, domin da zarar damuwa ta taso cikin sai ya rikice.

Shi ya sa na koma ga tabarau na VR (na'urar da ake sawa a ido, mutum ya ga hotunan kwamfuta kamar yana cikinsu), tunda na ji asibitin Cedars-Sinai na Amurka yana gwada shi a kan masu wannan ciwo, don kwantar da saƙonnin da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da hanji. Na ari na ƙanena, ina bin darasin numfashi. Matsalar ita ce ba na jimawa sai jiri da tashin zuciya su kama ni, cikin ma ya ƙara murɗawa.

Don Allah, jirin yana wucewa idan an saba, ko in dakata? Hotunan da ba sa motsi sun fi sauƙi? Kuma akwai likitan ciki a Kano ko Kaduna da ya san wannan hanya? Ciwon ya fara hana ni zuwa aiki.