Musayar Waƙa: A Kan Dutsen Dala

Ɗan Mandawari:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar na hau Dala, rabona da hawanta tun ina yaro. Na sauko da baitoci a bakina. Amsa-amon "la" ne, mai iyawa bismilla.

Da sunan Rabbana na fara, mai iko,
Shi ya kafe dutse a tsakar gari, Dala.

Ɗari da ɗaya na ƙirga ina hawa,
Numfashi sama-sama bisa matakala.

Da na kai fili iska ta tarbe ni,
Nan take na manta da duk wata wahala.

Ga Goron Dutse can yamma yana kallo,
Ga Kurmi a ƙasa, 'yan koli da 'yan talla.

Ga koren kubbar Masallacin Juma'a,
Daf da Gidan Rumfa, mazaunin daula.

Magariba ta kawo jiki, ladanai suka ɗauka,
Unguwa bayan unguwa, Kano duka kiran salla.

Inna 'Yar Gwale:
Ɗana, ka tuno min ranar Takutaha,
Kwana bakwai da Mauludi, muna ta walwala.

Da lalle a hannu, da sabuwar atamfa,
Mu riƙe juna gam har mu kai kan Dala.

Daga can nake nuna wa ƙawaye soronmu,
Jar ƙasa da zanko, har bakin badala.

Yau gwiwa ta ƙi, sai in tsaya a gindi,
In ɗaga kai in gaishe ta, ido da ƙwalla.

Malam Na Zaure:
Inna, share hawaye, dutsen ya girme mu,
Ya ga na gabanmu tun ba a kunna fitila.

Tun ƙarni na 7 maƙera suke nan,
Suna narkar da tama, ba sa shagala.

Nan Barbushe ya zauna da Tsumburbura,
Kafin Wangarawa su zo a koyi alwala.

Bagauda ya yi sarauta daga 999,
Badalar nan jikansa Gijimasu ya fara, madalla.

Amma leƙa ta yanzu daga saman nan,
An sare, an kwashe, an gina, ba a kula.

Dutsen kansa ruwa yana cin gefensa,
Gidaje sun matse shi, ga shara an tula.

Abin yana ci mini rai, na rantse,
Kayan kakanni ne, ba na wata ƙabila.

Ƙanwarku Daga Damagaram:
Mu ma Birninmu yana da duwatsu,
Amma kun sa ni kwaɗayin ganin Dala.

Yaya, wane lokaci ya fi a hau ta?
Ina tafe Kano, zumunci za mu ƙulla.

Ɗan Mandawari:
Ƙanwata, kar ki zo a tsakiyar hunturu,
Hazo yakan rufe gari, ba abin da za ki kalla.

Ki bari sai an yi ruwa, sama ta washe,
Ki hau da hantsi, ki sauko kafin salla.

Inna kuwa, Asabar zan sake hawa dominki,
In ɗauko hoton Gwale, in nuna miki dalla-dalla.

Inna 'Yar Gwale:
Allah ya yi maka albarka, ɗana. In ka hau, ka juya kudu maso yamma. Soron ya rushe tuni, amma darbejiyar ƙofar gidan tana nan. Ita za ka nema.